LibreOffice a Shagunan Buga Takardu na Kaduna: Inda Yake Biyan Buƙata da Inda Yake Gazawa

Duk wanda ya san layin shagunan buga takardu na kusa da Kaduna Polytechnic a Tudun Wada, ko na kewayen Jami'ar Jihar Kaduna, ya san wannan rigimar. Ɗaliba ta kawo kundinta na kammala karatu a filash, ta ce shafi 62 ne a kwamfutar gida. An buɗe a shago ya koma 65. Babi na uku da ya kamata ya fara a sabon shafi ya zame zuwa tsakiya, jadawali ya rabu biyu, lambobin Romawa na shafukan farko sun bi har cikin babi na ɗaya. Mai shago ya ce, "Hajiya, ai haka fayil ɗinki ya zo." Ita kuma ta dage kwamfutarsa ce ke da matsala. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai duk su biyun ba su kama bakin zaren ba.

Fayil ɗin .docx ba hoton takarda ba ne. Tarin umarni ne da ke cewa a rubuta kaza da nau'in haruffa kaza, a bar gefe kaza, a sa jadawali a nan. Kowace manhaja da ta buɗe shi sai ta sake jera shafukan da kanta, da haruffan da ta tarar a kwamfutar da take ciki. In haruffan suka bambanta, ko manhajar ta fahimci umarnin daban, shafi ya motsa. Shi ya sa ba a raba maganar wace manhajar ofis za a ɗora da maganar a wane tsari za a adana aiki, kuma a kan wannan ma'aunin za a auna LibreOffice.

LibreOffice manhajar ofis ce ta kyauta, ba kyautar ɗanɗano ba, babu talla, babu rajista, babu ranar ƙarewa. Gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus ce ke kula da ita. An kafa ta a 2010, lokacin da masu aikin OpenOffice.org suka ɓalle bayan kamfanin Oracle ya sayi Sun Microsystems. A ciki akwai Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatarwa, Draw na zane, Base na rumbun bayanai da Math na alamomin lissafi. Sabon fitowa na zuwa sau biyu a shekara, Fabrairu da Agusta, kuma tun 2024 lambarsa na nuna shekara da wata, wato 24.8 na Agustan 2024 ne. Fayil ɗin ɗorawa na Windows ya kai wajen megabait 350, bayan an ɗora kuma yana cin kusan gigabait ɗaya da rabi. Sau ɗaya za a sauke shi, a zuba a filash, a bi kwamfutocin shago duka a ɗora, ba ya neman intanet ko ɗaya. Yana tafiya lafiya a tsohuwar kwamfuta ta hannu mai RAM gigabait 4. Mai Windows 7 ko 8 ya lura cewa daga 25.8 an daina tallafa musu, don haka 25.2 ne na ƙarshe da zai hau. Kada kuma a rikita shi da Apache OpenOffice, wanda har yau wasu ke saukewa saboda sunan ya fi daɗewa a kunne. Wancan ya daɗe bai samu babban gyara ba, kuma ba ya adana fayil a .docx.

A faɗi gaskiya, abin da ke kan mafi yawan kwamfutocinmu ba Office mai lasisi ba ne, wanda aka fasa ne. Illarsa ba ta tsaya ga haƙƙin mai kaya ba. Kafin a kunna irin wannan sai an kashe anti-bairos, a bar wata ƙaramar manhaja da ba a san wanda ya haɗa ta ba ta zauna a kwamfutar da ake zuba wa takardun mutane, hotunan fasfo da lambobin NIN. Kunnawar da ta bi hanyar KMS, wato tsarin kunna lasisin Microsoft na ma'aikatu da masu fasawa ke kwaikwaya, kwana 180 take yi, in ba ta sabunta kanta ba sai jan layi ya fito a sama, aiki ya tsaya ana tsakiyar ciniki. Su kuma tsofaffin fitowa, Microsoft ya riga ya yaye su: Office 2007 tun 2017, Office 2010 tun 2020, 2016 da 2019 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Windows 10. Shagon da filash hamsin ke shiga kwamfutarsa a wuni bai kamata ya zauna da manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka ba.

Tsarin da LibreOffice ke adana aiki a kai shi ne OpenDocument, ODF a taƙaice: .odt na rubutu, .ods na lissafi, .odp na gabatarwa. Ƙungiyar OASIS mai tsara ƙa'idojin fayiloli ta amince da shi a 2005, hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO ta karɓe shi a 2006 da lamba 26300. Ba mallakin kowa ba ne, an rubuta ƙa'idojinsa a fili, duk mai iyawa zai iya haɗa manhajar da za ta karanta shi. Tsohon .doc da .xls na Office 97 zuwa 2003 kuwa rufaffu ne, masu wasu manhajoji sun yi shekaru suna lalube kafin Microsoft ya fitar da bayaninsu a 2008. Shi .docx da ya zo da Office 2007 yana tsakiya. A takarda shi ma buɗaɗɗe ne, ISO ta amince da shi a 2008 da lamba 29500 bayan doguwar taƙaddama, amma bayanin da aka gabatar ya haura shafi 6,000, kuma ya kasu biyu. Akwai Strict, tsaftataccen, akwai Transitional mai ɗauke da kayan gado na tsofaffin Word. Abin da Word ke adanawa in ba a canza masa ba shi ne Transitional. Ma'ana, duk manhajar da ke son nuna .docx daidai sai ta kwaikwayi halayen Word har da kurakuransa na da. Misali sananne, Excel na ɗaukar cewa akwai ranar 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Ya gaji kuskuren daga tsohuwar manhajar lissafi Lotus 1-2-3, aka bar shi don kada tsofaffin lissafi su rushe.

Mai son gani da idonsa ya kwafi wani fayil na .odt ko .docx, ya canza ƙarshen sunan zuwa .zip, ya buɗe. Zai tarar da ƙananan fayiloli a ciki: content.xml a na .odt, word/document.xml a na .docx, da jakar hotuna daban. Wannan dabarar tana ceton aiki. Idan fayil ya lalace ya ƙi buɗuwa, sau da yawa ana iya ciro rubutun da hotunan ta nan.

Ba ƙananan ofisoshi kaɗai ke wannan lissafin ba. Afirka ta Kudu ta zaɓi ODF ga takardun gwamnati tun 2007, Birtaniya ta bi a 2014, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta yanke a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice. Birnin Munich ya yi irin wannan ƙaura tun da wuri, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke komawa Windows, abin da ke nuna sauyin ba ya tafiya da fatar baki.

Hukuncin da ya fi dacewa da mu shi ne a raba aikin fayil gida uku. Uwar takarda, wadda za a riƙa gyarawa, ta zauna a tsarin manhajar da ake aiki da ita: .odt in Writer ne. Abin da za a buga, ko a tura ta WhatsApp, ko a ɗora a shafin neman aiki, ya fita a PDF, domin shi ne kaɗai ke kulle shafi yadda yake, ya tafi da haruffansa a ciki. Sai .docx, wanda ba a fitar da shi sai in wani zai yi gyara a Word, kamar malamin da ke duba kundi. Babban abin da ke kashe takarda shi ne yawo. A fara ta a WPS a waya, a gyara a Word a shago, a buɗe a Writer a gida, a sake mayarwa Word. Kowane zagaye fassara ce, kuma kowace fassara tana zubar da wani abu. Da ɗalibar nan ta fitar da PDF a kwamfutar da ta gama aikin, da shafi 62 ɗinta za ta karɓa.

A wasiƙa, takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawa, yarjejeniyar haya da rasit, Writer na buɗe .docx ya adana shi ba tare da wani ya lura da bambanci ba. Matsala tana farawa ne a dogon aiki, kuma kusan koyaushe daga wuri uku take fitowa.

Haruffa ne kan gaba. Calibri da Cambria na Microsoft ne, ba kowace kwamfuta ke da su ba. LibreOffice na zuwa da madadinsu masu faɗi iri ɗaya, Carlito a gurbin Calibri, Caladea a gurbin Cambria, Liberation Serif a gurbin Times New Roman, Liberation Sans a gurbin Arial. Da yake faɗin kowane harafi ɗaya ne, layi ba ya motsawa. Sabuwar damuwa ita ce Aptos, wanda Microsoft ya maye gurbin Calibri da shi tun daga 2023. Tsofaffin Office ma ba su da shi, don haka takardar da aka rubuta da shi tana warwatsewa ko a Word 2013. A Writer, in sunan harafi ya fito a karkace a akwatin sama, alama ce babu shi a kwamfutar, ana nuna wani ne a madadinsa. Mafi sauƙi shi ne a shiga Tools, Options, LibreOffice Writer, Basic Fonts, a mayar da komai Times New Roman, tunda shi makarantunmu suka fi nema kuma yana kan kowace Windows.

Girman takarda shi ma yana ɓata aiki a ɓoye. Firintocinmu A4 suke ci, milimita 210 da 297. Kwamfutocin da aka saita da Turancin Amurka suna fara sabon aiki a Letter, wanda ya fi faɗi da kusan milimita 6, ya gaza tsawo da kusan 18. Bambancin layi biyu ko uku a kowane shafi ya isa ya ƙara shafuka a kundi. Ana gyarawa a Format, Page Style, kuma a yi tun kafin a rubuta kalmar farko. A saitin harshe a zaɓi Turancin Birtaniya, shi zai sa kwanan wata ya fito rana, wata, shekara yadda muke rubutawa.

Na ukun laifin hannu ne, ba na manhaja ba. Mai bugawa ya danna Enter sau goma sha biyar don ya tura babi zuwa sabon shafi, ya yi ta danna sarari don ya kai kan magana tsakiya, ya buga shafin ƙunshiya da ɗige-ɗige da hannu. Irin wannan ginin ko iska ta taɓa shi ya rushe. Ctrl da Enter ne ke fara sabon shafi. Kanun babi a ba su salon Heading 1, ƙananan kanu Heading 2, daga akwatin salo da F11 ke buɗewa, sannan a shiga Insert, Table of Contents and Index, ƙunshiya ta haɗa kanta da lambobin shafi. Batun lambobin Romawa a gaba da na yau da kullum daga babi na ɗaya, a nan Writer da Word suka fi saɓawa. Word na yi da yanke sashe, Writer na yi da salon shafi. A Writer, a ƙirƙiri salon shafi na gabatarwa mai lambobin i, ii, iii, a ajiye alama a ƙarshen shafin da ke gaban babi na ɗaya, a shiga Insert, More Breaks, Manual Break, a zaɓi salon shafi na biyu, a kunna Change page number a sa 1. Ga wanda ya saba, hanyar Writer ta fi tsabta kuma ba ta cika rikicewa ba. Amma in aka mayar da fayil ɗin .docx, wannan wurin ne farkon da za a duba.

Akwai abubuwan da har yau ba sa ƙetarewa lafiya. Zanen SmartArt, wato zane-zanen tsari na Word, yana fitowa amma gyara shi wahala ne. Akwatunan rubutu da aka jibga kan juna, irin na katin gayyata da takardar shaida, sukan goce. Jadawali cikin jadawali da hoton da rubutu ya zagaye su ma sukan motsa. Alamomin lissafi masu sarƙaƙiya na ɗaliban injiniya suna buƙatar a bi su ɗaya bayan ɗaya. Gyaran malami da sharhinsa na gefe kuwa suna wucewa lafiya ta kowane ɓangare.

Inda wannan magana ta fi shafar mu shi ne rubutun Hausa. Kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ya bazu, an yi amfani da wasu nau'o'in haruffa na musamman da suka ɗora ƙ, ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomin kibod. A kwamfutar da ke da su rubutu na fitowa tsaf, a wadda babu sai a ga baka ko wata alama a tsakiyar kalma. Wannan shi ne rufaffen tsari a ƙaramin sikeli, kuma littattafai da kundaye da yawa suna maƙale a ciki. Haruffanmu masu ƙugiya suna da lambobinsu na dindindin: ƙ 0199, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181, alamar naira kuma 20A6. A Writer, kamar a Word, in aka rubuta lambar aka danna Alt da X, sai ta rikiɗe ta zama harafin. Akwai tarko ɗaya. In harafin da ke gaban lambar yana tsakanin a da f, manhajar na haɗa shi cikin lambar, don haka mai rubuta "haɗa" da ya buga ha0257 ba zai samu ɗ ba. Ya buga haU+0257 sannan ya danna. Wannan na gyaran kalma ɗaya ne ko biyu. Mai buga Hausa kullum ya ƙara kibod ɗin Hausa da ke cikin saitin harshe na Windows. Rubutun da aka riga aka buga da k', d' da b' kuma, Ctrl da H zai musanya su gaba ɗaya, amma a kunna Match case don manya su tafi daban, a kuma duba ko alamar miƙaƙƙiya ce ko lanƙwasassa, domin manhaja ba ta ɗaukar su abu ɗaya. Nau'o'in haruffa Charis SIL, Gentium da Andika kyauta ne kuma ƙugiyoyinsu sun fita da kyau a bugu. In za a ba wani fayil ɗin, a shiga File, Properties, Font, a kunna cusa haruffan a ciki.

LibreOffice ba ya zuwa da ƙamusun duba kuskuren Hausa, kuma wannan rashi ne na gaske. Shafi gaba ɗaya zai cika da jan layi in an bar harshen a Turanci. Shift da F7 na kashe shi.

Makarantun Islamiyya na Rigasa, Tudun Wada da Unguwar Sarki da ke buga jarrabawar Larabci za su ji daɗinsa. Ctrl, Shift da D na juya sakin layi ya fara daga dama, Ctrl, Shift da A na mayar da shi hagu. In hakan bai yi aiki ba, a kunna Complex text layout a saitin harsuna. Yana zuwa da harafin Amiri mai kyau da wasulla, masu Ajami kuma za su iya ɗora Alkalami, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta zana a kan salon rubutun Kano.

Calc ya isa lissafin shago, albashin malamai, sakamakon ɗalibai da kuɗin adashi. Yana ɗaukar layi 1,048,576 kamar Excel, kuma daga 24.8 ya samu XLOOKUP, FILTER, SORT da UNIQUE da aka daɗe ana jira. A wuri ɗaya ma ya fi Excel sauƙin sha'ani. Lambar waya da ke farawa da 080, ko lambar asusun banki mai lamba 10 da ke farawa da sifili, in aka buɗe fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka adana a zallar rubutu, a Excel da danna biyu, sifilin farko na iya ɓacewa, a tura jerin albashi banki ya dawo. Lambar da tsawonta ya wuce lamba 15 kuwa, ƙarshenta kan lalace. Calc ba ya buɗe CSV sai ya fara nuna akwatin tambaya. A nan za a danna kan kolum ɗin lambobin a mayar da shi Text, a tabbatar an zaɓi UTF-8 don sunaye irin su Ɗanladi da Ƙasimu su fito daidai. Mai shigarwa da hannu ya fara da alamar ' kafin sifilin. Tsohon .xls kuma a rabu da shi, layi 65,536 kawai yake ɗauka. A Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta tsallake mutum kusan 16,000 da suka kamu da korona a rahotonta, saboda bayanan sun cika fayil ɗin .xls, sauran suka zube ba tare da an lura ba.

Raunin Calc yana wajen macro na VBA, wato ƙananan umarnin da ake cusawa a fayil ɗin Excel don ya yi aiki da kansa. Ƙananan suna tafiya, manyan kan tsaya. Idan ma'aikata, banki ko ƙungiyar ba da tallafi ta aiko da fom na Excel mai maɓallai da kulle-kulle ta ce a cike a mayar, a cike shi a Excel. Akawun da aikinsa ya dogara da Power Query, kayan aikin Excel na tattaro bayanai da tace su, shi ma ba shi da madadi a nan.

Impress shi ne mafi rauni a gidan. Gabatarwa mai sauƙi tana tafiya, amma .pptx mai motsi da bidiyo yakan canza kama, don haka mai kare kundi ya tafi da kwafin PDF a filash. Base ba ya maye gurbin Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, kuma wasu sassansa sai da Java. Babu abin da ya yi daidai da Outlook na imel. A waya ma babu cikakken LibreOffice, sai Collabora Office da aka gina a kansa, wanda bai kai WPS sauri a ƙaramar waya ba. Draw yana da amfanin da ba a cika sani ba: yana buɗe PDF a gyara kwanan wata ko suna layi-layi, yana buɗe fayilolin Publisher, wanda Microsoft ya sanar zai daina tallafa wa a Oktoban 2026, har da na CorelDRAW, ko da yake masu aikin fosta da kalanda kada su yi tsammanin zai maye musu gurbin Corel. Wanda fuskar manhajar ta yi masa kama da Office 2003 ya shiga View, User Interface, ya zaɓi Tabbed, zai ga ta koma kusa da abin da ya saba.

Sauran zaɓin kowanne da gurbinsa. WPS Office na kamfanin Kingsoft na China yana nuna .docx da kyau kuma ya mamaye wayoyi, sai dai na kyautar yana da talla, kuma a kula kada a adana a tsarinsa na .wps ko .et. OnlyOffice an gina shi ne kai tsaye a kan tsarin .docx da .xlsx, don haka ofishin da kullum musayar fayil yake da masu Word zai iya samun sa ya fi daidaito, ko da bai kai LibreOffice yawan kayan aiki ba. Google Docs ya fi kowa a aikin haɗin gwiwa, amma yana son intanet, kuma fayil ɗin .gdoc da ake gani a kwamfuta ba takardar ba ce, adireshinta ne kawai. In asusun ya rufe, aiki ya tafi, sai in an riga an sauke kwafi. Microsoft 365 haya ce, ranar da biya ya tsaya manhajar za ta bar mutum ya karanta ya buga amma ba gyara. Office 2024 na saye sau ɗaya yana nan ga mai hali. Shago mai kwamfuta biyar zai fi cin riba ya sayi lasisi na gaskiya a guda ɗaya saboda fom ɗin hukumomi da fayilolin da suka ƙi, sauran huɗun ya ɗora LibreOffice. A waɗannan huɗun, tunda kwastomomi .docx suke tafiya da shi, ana iya shiga Tools, Options, Load/Save, General, a zaɓi Text document a sa Always save as ya zama Word, a yi haka ga Spreadsheet ma. Takardun shagon na kansa dai su zauna a .odt.

A wannan shafin na saiti akwai abin da ya fi komai muhimmanci ga mai aiki da wutar da ba ta sallama kafin ta tafi. Save AutoRecovery information yana kan minti 10. A mayar da shi 3, a kunna Always create backup copy. Kada kuma a yi aiki kai tsaye a kan filash. A kwafo fayil ɗin cikin kwamfuta, a gama, a mayar. Wuta ta ɗauke ko a zare filash ana tsakiyar adanawa, shi ne ke haifar da fayil mai suna amma babu komai a ciki.

Wajen fitar da PDF, File, Export As, Export as PDF yana da zaɓi uku masu amfani. Reduce image resolution a 150 DPI yana rage nauyin fayil ga shafukan rajista da ke ƙin karɓar babba. Hybrid PDF yana ɓoye ainihin .odt a cikin PDF ɗin, kowa ya karanta, mai LibreOffice kuma ya buɗe ya gyara kamar ba a taɓa mayar da shi ba. PDF/A na ajiya ne mai tsawo, shi ya dace da takardun fili, wasiyya, yarjejeniya da kundin tarihin makaranta.

Batun ajiya ba ƙarami ba ne a garin da ke da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, inda takardun da suka haura shekara ɗari ke nan ana karanta su, alhali rubutun da aka buga a kwamfuta a shekarun 1990 da yawa ya gagara buɗuwa. LibreOffice yana karanta WordPerfect, Microsoft Works, PageMaker da tsofaffin Word da sabon Office kan ƙi. Makaranta ko ofishin da ke da jakar tsofaffin .doc da .xls ya shiga File, Wizards, Document Converter, ya nuna jakar da suke da wadda za a zuba sababbin, manhajar ta mayar da su ODF gaba ɗaya ba tare da ta taɓa na asalin ba. Rubutun Hausa da aka yi da tsofaffin haruffan nan yana buƙatar ƙarin mataki, domin mayarwar ba ta gyara ƙugiya. Sai an gano alamar da ke tsaye a gurbin kowane harafi, a musanya su shida ɗaya bayan ɗaya da Ctrl da H, sannan a sauya nau'in haruffan zuwa na Unicode. A buga shafi biyu ko uku a gwada da tsohon bugu na takarda in akwai, kuma a bar fayilolin asali a wata jaka daban har sai wanda ya san rubutun ya karanta sabon daga farko zuwa ƙarshe.